Sitaci Yana Canja Hali: Darasi Domin Kunun Yaranmu da Rogon Gonarmu

An shirya wannan darasi domin a karanta shi a rukuni, kamar taron zumuntar mata, ko na ƙungiyar manoma, ko na matasa. Idan an haɗa da gwajin da ke ƙarshe, zai ɗauki kamar awa biyu. Wanda zai bi da darasin ya tanadi garin dawa ko na masara, da ɗan garin tsiro, da tukunya, da kofuna uku, da cokula, da ƙaramar kwalbar aidin irin wanda ake sa wa ciwo.

Manufar darasin

- Mu gane abin da ke sa kunu ya yi kauri ko ya tsinke, da abin da ke sa tuwo ya sandare in ya kwana.
- Mu san yadda masana'antu suke gyara sitaci da sinadarai, da dalilin da ya sa wannan aiki bai dace da ɗakin girkinmu ba.
- Mu koyi hanya mai sauƙi ta ƙara wa kunun yaro ƙarfi ba tare da ya fi ƙarfin haɗiyarsa ba.
- Mu san irin sitacin rogo da mai saye yake nema.

Mene ne sitaci?

Idan aka ce sitaci, yawancinmu sai mu tuna da wanda mai wanki yake sa wa shadda domin ta tsaya. Amma sitaci shi ne yawancin abin da muke ci kowace rana. A cikin busasshiyar dawa, da gero, da masara, da shinkafa, kusan kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari sitaci ne. A cikin ɗanyen rogo kuwa kashi 20 zuwa 30 ne, sauran yawancinsa ruwa. Farar gasarar nan da take kwanta a gindin roba bayan an tace ƙullu, yawancinta sitaci ce.

Shuka tana haɗa sukari a ganyenta da taimakon rana da ruwa da iska. Abin da ba ta bukata nan take sai ta adana shi a cikin hatsi ko saiwa, kamar yadda manomi yake zuba amfanin gona a rumbu. Kafin ta adana, takan jera wannan sukari, wanda ake kira gulukos, ɗaya bayan ɗaya kamar duwatsun wuya a jikin zare. Wannan jeri shi ne sitaci.

Jerin iri biyu ne. Na farko doguwar sarƙa ce miƙaƙƙiya, masana suna ce mata amilos. Na biyu yana da rassa da yawa kamar itace, sunansa amilofektin. A yawancin abincinmu miƙaƙƙiyar sarƙa ba ta wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba. Masara tana da kusan kashi 25 ko fiye, rogo kuwa bai kai haka ba, yana wajen kashi 17 zuwa 20. Wannan ɗan bambanci yana cikin abin da ya sa kunun masara yake daskarewa har a yanka shi da cokali, na rogo kuwa ya yi danƙo da yauƙi, ya yi garau kamar gilashi.

Shuka tana cusa waɗannan sarƙoƙi cikin ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani sai da madubin asibiti. An ɗaure su tam kamar damin dawa. Shi ya sa sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi. Ko an dama, in aka bar shi sai ya koma ƙasa ya kwanta.

Abin da zafi da sanyi suke yi

Idan aka ɗora sitaci da ruwa a wuta, babu abin da ake gani sai zafi ya kai kamar digiri 60 zuwa 75, wato kafin ruwa ya tafasa a digiri 100. A nan ne ɗaurin yake kwancewa, ƙwayoyin su sha ruwa su kumbura, su cika tukunya suna gogar juna. Wannan shi ne kaurin da muke ji a muciya. Sitacin rogo yakan riga na dawa kumbura. Idan kuma aka ci gaba da dafa shi ana tuƙawa da ƙarfi, kumburarrun ƙwayoyin sukan fashe, kaurin ya ragu.

In abinci ya huce, miƙaƙƙun sarƙoƙin nan sukan sake neman juna, su jeru su manne, su matse ruwan da ke tsakaninsu waje. Shi ya sa tuwon da ya kwana yake tauri, kunun da ya huce yake yin ruwa a kansa, burodi kuma yake bushewa ko yana cikin leda. In muka yi ɗumame, zafi yana sake kwance su, tuwo ya yi laushi.

Daga nan za mu iya riƙe ƙa'ida ɗaya wadda za ta bi da mu har ƙarshen darasin. Idan aka yanka sarƙoƙin sitaci suka gajarce, abinci yakan tsinke. Idan aka ƙulla su da juna, yakan riƙe kaurinsa. Idan aka hana su jeruwa, ba ya sandarewa in ya huce. Yawancin gyaran da ake yi wa sitaci, a gida ko a masana'anta, ɗaya ne cikin waɗannan uku.

Gyaran da iyayenmu suka saba yi

Tsami. Idan aka jiƙa gero ko masara kwana biyu ko uku domin koko ko kamu, ƙananan halittu masu amfani suna haifar da tsami a ciki. Tsamiya da lemun tsami su ma tsami suke kawowa. Tsami in ya haɗu da zafi yana yanka sarƙoƙin sitaci a hankali, saboda haka kunun tsamiya yakan tsinke in an daɗe ana tafasa shi. Abinci mai tsami sosai kuma yana hana yawancin ƙwayoyin cutar gudawa yaɗuwa a cikinsa.

Mutanen Barazil da Kwalambiya, a Kudancin Amurka inda rogo ya samo asali, sun kai wannan hanya nesa. Sukan bar jiƙaƙƙen sitacin rogo ya yi tsami har kamar wata guda, sa'an nan su shanya shi a rana. Wannan sitaci in aka kwaɓa aka gasa, yana tashi ba tare da yis ba, suna yin wani irin burodi da shi mai cuku. Masu bincike sun gano cewa in aka busar da shi a tanda maimakon rana, ba ya tashi haka. Tsami da hasken rana ne suka haɗu suka canja shi.

Kanwa da ruwan toka. Waɗannan kishiyoyin tsami ne. Suna sa ƙwayoyin sitaci su yi saurin kumbura, suna kuma canja launin tuwo ya yi duhu ko rawaya, alhali tsamiya takan sa ya yi haske. Amma kanwa tana lalata wani bitamin da ke cikin hatsi, wanda ake kira B1. Tun shekarun 1970 kuma likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego. Saboda haka a rage hannu, kada kuma a sa wa abincin jariri.

Tsiro. Idan hatsi ya fara tsira, yana bukatar abincin da aka adana masa. Sai ya fitar da wani sinadari mai suna amiles, wanda yake aiki kamar almakashi, yana yanka sitaci ya mai da shi sukari. Masu kunun zaƙi sun san wannan, shi ya sa suke sa tsiro ko busasshen dankali, kunu ya tsinke ya yi zaƙi. Irin wannan almakashi yana cikin yawunmu ma. In muka daɗe muna tauna lomar tuwo, za mu ji ta fara zaƙi. A shekarar 1833 ne waɗansu masana biyu a Faransa, Payen da Persoz, suka fara ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir.

Yadda masana'antu suke gyara sitaci

Sitaci kamar yadda ya fito daga rogo ko masara yana da rauni a wurin mai masana'anta. Yana tsinkewa in zafi ya yi yawa ko inji ya tuƙa shi da ƙarfi. Tsami yana karya shi. In ya huce ko ya shiga firji, yana sandarewa ya zubar da ruwa. Abincin da zai yi watanni a kanti ba zai jure wa haka ba. Tun a shekarar 1811 wani masani a Rasha mai suna Kirchhoff ya dafa sitaci da ɗan asid ya ga ya zama ruwan sukari. Daga nan aka yi ta binciken yadda za a sarrafa shi. Ga manyan hanyoyin da ake bi:

1. Yanka da asid. Ana dama sitaci a ruwan ɗumi wanda bai kai ya kumbura shi ba, a sa asid kaɗan na waɗansu awoyi, sa'an nan a kashe asid ɗin, a wanke, a busar. Wannan sitaci in an dafa shi ba ya kauri, amma in ya huce yana daskarewa da ƙarfi. Da shi ake yin alewa mai danƙo, ana kuma shafa wa zare kafin saƙa domin kada ya tsinke a inji.

2. Wankewa da sinadarin bilic. Wannan yana sa sitaci ya yi fari fat, ya rage kauri, ya yi garau, ya kuma rage sandarewa. Masu yin takarda ne suka fi amfani da shi, domin fuskar takarda ta yi santsi, tawada kada ta baje.

3. Ƙullawa. Ana sa wani sinadari, yawanci na fosfet, wanda yake ƙulla sarƙa da sarƙa a cikin ƙwayar, kamar yadda muke ɗaure zana da igiya domin kada iska ta watsa ta. Abu kaɗan ake bukata. Ƙulli ɗaya a tsakanin gulukos dubu ko fiye ya isa ya canja halin sitacin. Ƙwayar za ta kumbura amma ba za ta fashe ba, ko da zafi, ko tsami, ko tuƙin inji. Irin wannan ake sa wa abincin gwangwani da miyar kwalba da yogot.

4. Sa tsani. Ana liƙa wa sarƙoƙin waɗansu ƙananan sinadarai a gefe, waɗanda suke hana su kusantar juna, kamar yadda ake sa itace tsakanin katakai domin kada su manne. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai dangin ruwan khal ne. Sitacin da aka yi wa haka yana saurin dahuwa, ba ya sandarewa, ba ya kuma zubar da ruwa ko an daskarar da shi a firji an narkar. Sau da yawa akan haɗa wannan hanya da ƙullawa a sitaci ɗaya.

5. Gasawa. In aka gasa busasshen sitaci da ɗan asid, yakan zama gari mai launin rawaya wanda yake narkewa a ruwan sanyi ya yi danƙo. Shi ne gam ɗin bakin ambulan da na liƙa takardar jikin kwalba.

Akwai kuma gyaran da babu sinadari a ciki. Sitacin wanki na ruwan sanyi da ake sayarwa a leda, an riga an dafa shi ne aka busar aka niƙa, shi ya sa yake kauri ba tare da tafasasshen ruwa ba. Garin rogo ma haka yake. Suyar da aka yi masa ta dafa wani ɓangare na sitacinsa, shi ya sa yake kumbura in an jiƙa.

Idan muka duba jikin kwalin madarar kastad, ko yogot, ko taliyar yara, za mu iya ganin lamba tsakanin 1400 da 1452, wani lokaci da harafin E a gabanta. Gyararren sitaci ake nufi. Misali, 1404 na bilic ne, 1412 na ƙullawa, 1420 na sa tsani, 1422 da 1442 kuwa an haɗa biyun. Wannan gyara a masana'anta ake yinsa bayan girbi. Ba shi da dangantaka da irin shuka da aka canja wa halitta.

Gargaɗi: wannan aiki ba na gida ba ne

Gyararren sitacin abinci yana da doka. Akwai kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona, wanda aka kafa a 1956, shi yake duba irin waɗannan abubuwa ya sa musu iyaka. Misali, sinadarin nan dangin khal bai kamata ya wuce kashi 2.5 cikin ɗari na sitacin ba. A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita take sa ido a kan kayan abinci. Masana'anta tana da ma'auni, da injin wankewa, da ɗakin gwaji. Mu ba mu da ko ɗaya.

Da yawa daga cikin ƙungiyoyin matanmu sun koyi yin sabulu, saboda haka soda mai ƙuna tana cikin gidaje. Bilic na wanki da ruwan batir su ma ba su da wuyar samu. Mu kiyaye waɗannan:

- Kada a zuba bilic ko omo a cikin jiƙon rogo domin ya yi fari ko ya yi saurin laushi.
- Kada soda ta sabulu ko ruwan batir su kusanci abinci. Suna ƙona maƙogwaro da ciki. A ajiye su inda yaro ba zai kai ba, kada kuma a zuba su a robar lemo ko ta ruwan sha.
- Kada a ci sitacin wanki ko na gam, domin ana haɗa shi da turare da waɗansu sinadarai da ba na ci ba.
- Robar da aka yi sabulu ko gam a ciki, kada a sake jiƙa hatsi a cikinta.

Kunun yaro: inda wannan sani ya fi amfani

Nonon uwa kaɗai ya ishi jariri har wata shida. Daga nan yana bukatar ƙarin abinci tare da nono har shekara biyu ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaro mai shan nono yana bukatar ƙarin kalori 200 a rana daga wata 6 zuwa 8, kalori 300 daga wata 9 zuwa 11, da kalori 550 daga wata 12 zuwa 23. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki.

Matsalar ita ce cikin yaro ƙarami ne. Na ɗan wata takwas bai fi cin ƙaramin kofi ɗaya ba, kamar mililita 200. Idan uwa ta dama kunu da gari mai yawa, sitaci zai kumbura ya yi kaurin da yaro ba zai iya haɗiya ba. Sai ta ƙara ruwa ya zama tsululu. A irin wannan kunu gari bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, wato kalori 20 zuwa 35 a kowace mililita 100. Nonon uwa kuwa yana da kusan kalori 65 zuwa 70. Ke nan kunun bai wuce kamar rabin ƙarfin nonon da ya maye gurbinsa ba. Ɗan wata goma zai bukaci kusan lita guda ta irin wannan kunu a rana kafin ya sami rabonsa. Ciki ya cika, uwa ta ga yaro ya ƙoshi, amma nauyinsa a katin asibiti ya ƙi hawa.

Tsiro yana warware wannan. A shekarun 1980 masu bincike a Tanzaniya da Indiya sun nuna cewa ɗan garin tsiro yana tsinka kunu mai kauri cikin mintoci kaɗan ba tare da an ƙara ruwa ba. Da haka ana iya sa gari har kashi 25 cikin ɗari, kunun ya kai kusan kalori 90, yaro kuma ya sha shi da sauƙi. Kofi ɗaya ya yi aikin kofi biyu ko uku.

Yadda ake yin garin tsiro:

1. A zaɓi dawa ko gero ko masara mai kyau. Kada a taɓa amfani da irin shuka da aka sa wa magani.
2. A wanke a jiƙa daga yamma zuwa safiya, a tsiyaye ruwan.
3. A baza a kan jiƙaƙƙen buhu mai tsabta a inuwa, a rufe da wani. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana biyu ko uku, sai tsiro ya fito.
4. A shanya a rana har ya bushe ƙarau. Kada a soya, domin wuta tana kashe almakashin da muke nema.
5. A murza da hannu a sheƙe, tsiron da saiwoyin su fita duka. Wannan mataki tilas ne, musamman ga dawa, domin ɗanyen tsironta yana da guba irin ta rogo mai ɗaci.
6. A niƙa a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. A yi kaɗan kaɗan, wanda zai ƙare cikin wata guda. Duk wanda ya yi fumfuna a zubar.

Yadda ake amfani da shi:

1. A dama kunu mai kauri sosai, gari kofi ɗaya ga ruwa kofi uku, a dafa ya nuna.
2. A sauke a bar shi ya ɗan sha iska. In yana tafasa aka zuba tsiron, ba zai yi aiki sosai ba.
3. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro ga kowane kofin kunu, a juya. Cikin minti biyar zuwa goma zai saki.
4. A mayar kan wuta ya tafasa na ɗan lokaci, domin a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ɗanyen garin, a kuma tsayar da aikin tsiron.
5. A ƙara niƙaƙƙiyar gyaɗa, ko garin waken soya da aka soya, ko garin kifi, ko cokalin manja. Tsiro ba ya ƙara abin gina jiki, yana ba da wuri ne kawai domin abinci ya shiga.
6. A ba yaro da kofi da cokali masu tsabta, da lallashi. Kada a yi masa ɗura.

Mun san waɗansu 'yan'uwa za su yi ɗari-ɗari, domin sun san tsiro a wurin masu dafa burkutu. Tsiro shi kaɗai ba ya zama giya. Sukari kawai yake fitarwa. Giya ba ta samuwa sai yis ya shiga an bar abu ya kwana yana tashi. Kunun da aka tafasa aka ba yaro nan take ba shi da abin sa maye. Dattawan ikilisiya za su taimaka ƙwarai in sun bayyana wannan a fili, domin kada uwa ta ji kunyar shanya tsiro a tsakar gidanta.

Sitacin rogo domin kasuwa

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kusan tan miliyan 60 a shekara a 'yan shekarun nan. Ƙasar Tailan tana noma kamar rabin haka, amma ita ce kan gaba wajen sayar da sitacin rogo a kasuwar duniya, domin tana sarrafa shi. Masana'anta tana bukatar kamar tan huɗu zuwa biyar na ɗanyen rogo kafin ta sami tan ɗaya na sitaci. Da hannu ba a samun haka, saboda haka ƙungiya ta yi lissafin kuɗin gurza da ruwa da wahala kafin ta shiga.

Gyara da sinadari ba rabonmu ba ne, amma duk mai gyarawa da mai wanki da mai rini suna neman sitaci fari, busasshe, marar yashi, marar tsami. Wannan kuwa muna iyawa:

- A sarrafa rogo ranar da aka tone shi ko washegari. Bayan kwana biyu ko uku yakan fara baƙi ya lalace.
- A fere a wanke sosai, a gurza da laushi, a tace da ƙyalle da ruwa mai tsabta.
- A bar shi ya kwanta, a tsiyaye, a kankare dattin da ke sama, a sake wankewa. Kada ya kwana biyu a ruwa, domin zai yi tsami ya rage kauri.
- A guji garwa ko injin da ya yi tsatsa, domin ƙarfe yana sa sitacin rogo ya yi launin toka ko shuɗi.
- A baza shi siriri a kan leda bisa gado, nesa da ƙura da dabbobi. Kada a shanya a bakin titi. Kada a busar da jiƙaƙƙen sitaci a kan wuta mai ƙarfi, domin zai dahu ya dunƙule.
- Ruwan da aka tsiyaye yana da guba. A haƙa masa rami nesa da rijiya, inda awaki da yara ba za su kai ba.
- Kafin a fara, a kai wa mai saye samfuri a ji irin wanda yake so da farashinsa.

Gwaji a rukuni

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A dama kunu mai kauri a raba kofi uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a ƙara masa ruwa har ya tsinke, a lura da yawan ruwan da ya sha. Na uku a sa masa garin tsiro a jira minti goma. Kowa ya ɗaga cokali ya gani. Sa'an nan a ɗebi kaɗan daga na farko da na uku a faranti, a ɗiga musu aidin. Na farko zai yi shuɗi mai duhu, domin aidin yana kama dogayen sarƙoƙi. Na uku launinsa zai fi rauni, ko ya karkata zuwa ja, gwargwadon yadda tsiron ya yanka su. Abin da aka ɗiga wa aidin a zubar, kada a ci.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane irin kunu ake ba yara 'yan wata shida zuwa shekara biyu a ƙauyenmu? Yana tsayawa a cokali ko yana zuba kamar ruwa?
2. Cikin kofi na biyu da na uku, wanne ya fi gari a kowane cokali? Me wannan yake nufi ga yaron da ba ya cin abinci da yawa, ko wanda ya tashi daga ciwo?
3. Me zai hana iyaye mata amfani da tsiro a nan? Wane ne zai iya taimakawa a kawar da wannan?
4. Ina muke ajiye soda da bilic a gidajenmu? Akwai abin da ya kamata mu canja yau?
5. Su wane ne suke sayen sitaci a kasuwa mafi kusa da mu, kuma daga ina suke samo shi yanzu?

Kafin a tashi, rukuni ya zaɓi mutum biyu da za su yi garin tsiro su kawo a taro na gaba, da mutum biyu da za su tambayo farashin sitaci a kasuwa. Iyayen da suka fara ba yaransu wannan kunu su ci gaba da kai su awo kowane wata, su nuna wa ma'aikacin lafiya katin. In nauyin yaro ya tsaya ko yana raguwa, ko yana gudawa, ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.